Oga ya ce in ba kwastoma lambata da adireshin gidana, in bayar?

'Yar Ofis: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai gyaran kwamfutoci. Mun samu kwangila da wani babban kwastoma, sai suka aiko da fom wai duk wanda zai riƙa shiga wurinsu ya cike: lambar wayarsa ta kansa, adireshin gida, hoton katin shaida, har da sunan wanda za a kira in wani abu ya faru. Oga ya ce in tura masa kafin Litinin. Ba lambar ce ta fi damuna ba, adireshin ne da katin. Wa zai riƙe su, kuma har yaushe? Da na tambaya sai ya ce kowa ya cike, ni kaɗai ce mai surutu. In na ƙi ina tsoron a cire ni daga aikin. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Ɗan Auta: Wa'alaikumussalam Anti. Sayi layi na biyu ki ba su, shi ke nan. Layi ai kusan kyauta ne.

Hajiya Babba: Kyauta a ina? Layin ba shi ne kuɗin ba, wayar ce. Tawa ta biyu sai da ta cinye min kusan rabin albashi.

Ɗan Auta: Haba Hajiya, an cuce ki. Ƙaramar waya mai madanni ko kwatar hakan ba ta kai ba.

Injiniya: Babu ma buƙatar waya ta biyu. Yawancin wayoyi suna ɗaukar layi biyu, kuma tun 2023 WhatsApp ya ba da damar buɗe asusu biyu a waya ɗaya ta Android. Ko ki sa WhatsApp Business a layin aikin.

Uwar Biyu: Ƙanwata, kar ki bayar. Ki saurare ni da kyau, don ni abin ya ci. Inda na taɓa aiki, oga ya sa lambata a jikin rasit ba tare da ya tambaye ni ba, wai don kwastomomi su samu wanda za su kira. Wani mutum kayansa suka yi jinkiri, ya fara kira kan maganar kaya. Kayan suka iso, kira bai tsaya ba. Tunda na ajiye lambarsa don aiki, duk abin da na ɗora a WhatsApp yana gani. Ya san fuskar yarana, ya san kalar kayan makarantarsu. Ya koma turo saƙo da tsakar dare, maganganun da ba zan iya rubutawa a nan ba. Na toshe shi, ya zo da wata lambar.

Wata rana bayan isha'i aka ƙwanƙwasa ƙofa, babban ɗana ya je ya dawo ya ce wai ana sallama da Mama. Maigidana ya fita ya tarar da shi tsaye jikin mota, yana cewa ya zo gaisuwa. Ashe a ofis ya samu kwatancen gidan, wani abokin aikina ya ba shi don ya ce saƙo zai kawo min. Abin da ya biyo baya tsakanina da maigida, Allah kaɗai ya kiyaye auren. Da na kai ƙara wurin oga, buɗar bakinsa sai cewa ya yi in yi haƙuri, babban kwastoma ne, kar in jawo mana asara. Na bar aikin. Na canja layin da nake riƙe da shi tun ina makaranta, wanda banki da dangi da kowa suka sani. Har yau in baƙuwar lamba ta kira gabana faɗuwa yake.

Hajiya Babba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya saka miki, 'yar uwa.

Ɗan Auta: Amma Anti, me ya sa ba ki kai shi wurin 'yan sanda ba?

Uwar Biyu: In ce musu me? Ya zo gaisuwa? Kai yaro ne, ba ka san yadda ake kallon mace in ta kawo irin wannan maganar ba.

Mai Nazari: Allah ya kyauta. In koma kan tambayar, ƙasashe da yawa suna da dokar kare bayanan mutane. Ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, tarar da ke cikinta tana iya kai wa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. Ghana ta yi tata a 2012, Kenya a 2019, Najeriya a 2023. Gindinsu kusan ɗaya ne: kar a karɓi bayanin da ya wuce buƙata, a faɗi abin da za a yi da shi, kar a riƙe shi bayan an gama. Don shiga wurin aiki, sunanki da katin shaidar kamfaninku ya kamata su wadatar. Ki rubuta wa oga tambayoyinki a imel. A gurbin adireshi ki nemi a sa na ofis. Lambar ɗan uwanki kuma ba taki ba ce, sai kin nemi izininsa.

Tsohon Ma'aikaci: Malam, kai lauya ne?

Mai Nazari: A'a Baba, amma abin a rubuce yake, kowa zai iya karantawa.

Tsohon Ma'aikaci: To karatu daban, aiki daban. Na yi ritaya bayan na ga ogogi iri-iri. Ta tura wannan imel ɗin, washegari a ce an ba wani aikin. Doka za ta biya mata kuɗin haya? Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. 'Yata, ki cike ki yi addu'a.

Uwar Biyu: Baba, da girmanka, ni ma "ki yi haƙuri" aka ce min. Shawarar wanda abin ya sama ita ce shawara.

Mai Gadi: Bari in faɗi ta ɓangarenmu, don mu muke karɓar irin fom ɗin nan a ƙofa. Ba mugunta ba ce, in kaya suka ɓace dole a san wanda ya shiga. Amma gaskiya ajiyar ba ta da kyau. Inda nake, a durowar da ba ta da makulli ake zuba su, akwai na mutanen da kwangilarsu ta ƙare tuntuni. Wani lokaci a ɗauki hoton fom a tura a guruf don na canjin dare su gani. In dole sai kin ba da kwafin kati, ki rubuta a kan fuskarsa da biro cewa don shiga wuri kaza ne kawai, ki sa kwanan wata.

Ɗan Auta: Ni dai na ce ki rubuta adireshin gidan oga da lambar matarsa, mu ga ko zai ce kowa ya cike.

Hajiya Babba: Hhhh kai Auta, Allah ya shirye ka. Ana maganar gaske.

'Yar Ofis: Na gode. Mai Gadi, in na bar gurbin adireshi babu komai, kuna mayar da fom ɗin ne?

Injiniya: Ni kwastoma ma da sauƙi, guruf ɗin ofis ne ya dame ni. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare oga zai turo aiki, in ya ga alamar ka karanta ba ka amsa ba, da safe ka sha faɗa. A Faransa tun 2017 doka ta ba ma'aikata 'yancin kashe wayar aiki bayan an tashi, Ostireliya ma ta yi irinta a 2024.

Hajiya Babba: Kuma da datarka! Wayarka, cajinka, katinka, aikin nasu. Na ce a riƙa ba mu kuɗin kira, akanta ya ce yana cikin albashi.

Tsohon Ma'aikaci: Mu a zamaninmu in ka tashi ka tashi, sai gobe.

Injiniya: Ni na kashe alamar karantawar gaba ɗaya. Sai ya koma kira kai tsaye, ranar hutu ma ina tsakiyar yi wa yara aikin makaranta. Hajiya, ku a wurinku ana biyan kuɗin ƙarin lokaci in an kira mutum da dare?