Dan Allah ina ake samun takardar rangwamen nan ta cefane?

Maman Ilham

Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gareni. Ni ina wani ƙauye ne gefen Taura, mu tara ne a gida har da surukata, maigida malamin firamare ne yana ɗan taɓa noma da damina, to tunda aka cire tallafin man fetur a 2023 wlh albashi baya kaimu ashirin ga wata, ba ma hatsi ne ke cinye mu ba tunda muna ɗan samu a gona, ƙananan abubuwan nan ne, sabulu, omo, magi, man gyaɗa, sukari, ashana, kullum sai an aika yaro kanti kuma kullum da sabon farashi. Jiya ƙanwata dake karatu a Dutse ta turo min bidiyon wata baturiya a Amurka, ta ciko keken kanti da kaya ta miƙa wasu yankakkun takardu sai kuɗin ya dinga sauka har ya koma ɗan kaɗan, tace wai kufon ake ce masa. Shin akwai shi anan Najeriya? A ina ake tarawa? Kuma mu na karkara zai mana aiki ko sai yan birni? Wanda ya sani ya taimaka saboda Allah.

Abu Sadiq Wudil

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya rufa asiri. Abin da kika gani gaskiya ne ba haɗi bane, kuma tsohon abu ne a can, tun 1887 kamfanin Coca-Cola ya fara raba takardar shan kofi ɗaya kyauta don mutane su saba da lemonsa. Kamfani ne ke buga takardar a jarida musamman ta ranar Lahadi ko ya aika gidaje, ke ki yanka ki kai kanti a rage miki, shi kuma mai kanti ya tattara ya maida wa kamfani a biyashi. To kin ga sai da kanti mai na'ura da rasit da yarjejeniya tsakaninsa da kamfani, mai tireda na ƙauyenmu in kika miƙa masa takarda wa zai biyashi?

Anan abin ya fi yawa a waya. Jumia, kantin nan na sayayya ta intanet, kan bada wasu haruffa da lambobi da ake sakawa wajen biya a cire wani abu, sun fi yi a watan Nuwamba lokacin garabasarsu ta ƙarshen shekara. OPay da PalmPay kuma sukan maido da ɗan canji in ka sayi kati ko data ta ciki, wannan ni ina amfana dashi tunda dama dole in sa kati. Amma na kayan gida ki fara lissafa kuɗin kawowa tukuna, in an rage miki 500 kuma sai kin hau mota zuwa gari ɗauko kayan to direba kika yiwa aiki. Kuma ki kula yawanci sai sun ce sai sayayyarki ta kai kaza kafin rangwamen ya hau, nan ne mutum ke ƙaro abin da baya buƙata.

Gwaggon Yara

Yata ki saurareni, jikata ce ke rubuta min. Rangwamen da kike nema yana ƙofar gidanki. Mu anan unguwarmu mata takwas muka haɗu shekara biyu kenan, duk ƙarshen wata kowa ta kawo abin da ya sawwaƙa a rubuta a littafi, ɗan ɗaya daga cikinmu yana bin mota zuwa Kano, shi muke bawa ya shiga kasuwar Singa ya saro mana katan na sabulu, katan na taliya, buhun sukari, jarkar mai, a zo tsakar gidana a baje tabarma a raba da kwano da kwalba kowa gwargwadon kuɗinta, kuɗin mota da na dako mu raba takwas. Abin da mai kanti zai ɗora na ribarsa da na ƙulla leda shi ya dawo aljihunmu. Watanda dai da mazanku ke yi da sallah a sayi sa a raba nama kashi kashi, ita muka maida ta kayan miya.

Amma fa sai da amana, kar ki ɗebo kowa, ki fara da mutum uku ko huɗu da kika san halinsu, kuma a rubuta komai a gaban kowa ko da yar uwarki ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuɗi ba ya son duhu.

Na biyu lokaci. Wake da gero da gyaɗa da kaka ake saye sanda manomi ke fito dasu, ba da bazara ba da rumbu ya yi ƙasa. Wake ki shanya ya bushe ƙarau ki zuba a jarka ki cika ta har wuya ki toshe bakin da leda, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaure kowacce daban, ba sai kin sa magani ba ƙwari basa rayuwa inda babu iska. Tumatir da tattasai kuma da sanyi sanda yan fadama suka cika kasuwa kwando ya faɗi, ki saya ki yanka ki shanya ki yi kauɗa, da damina mutane na kuka da tsadar kayan miya ke kina ɗiba a tukunya. Ke da kasuwar Gujungu ke kusa dake tana ci duk Lahadi ai kin gode Allah. Ki aika da yamma lis sanda yan kasuwa ke haramar tashi, mai kayan gwari baya son komawa dasu gida. Kuma a daina jin kunyar cewa ina gyara, tun iyayenmu ake neman gyara kuma hannu guda na wake in kika tara na wata ai girkin rana ne.

Dan Gujungu

gaskiya gwaggo ta gama magana. ni mai shago ne kuma bazan boye muku ba kamfanoni suna bamu garabasa, wani lokaci ka sari katan goma a dora maka daya, ko a hado da bokiti da kofi da faranti wanda asali na mai saye ne, wasu yan uwanmu sai su cire su saida daban Allah ya shiryemu. in kika ga an rubuta kyauta a jikin leda ki tambaya hakkinki ne. sannan in kika ga madara ko taliya tayi araha fiye da hankali ki juya ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, sau da yawa saura sati biyu ne shi yasa aka karyar.

kuma maman ilham ki tambayi maigida ai mun taba yin kufon a kauye bamu san sunansa bane, 2012 zamanin Jonathan da Adesina ke ministan gona, sako ke shigowa wayar manomi yaje cibiya ya nuna a bashi taki buhu biyu a rabin kudi, babanmu ya karba a lokacin.

Ummu Hanif

Ni gargaɗi zan ƙara dan Allah. Wancan azumin aka turo wani saƙo a gurup ɗinmu na Islamiyya wai wani kamfani na rabon katin cefane na dubu hamsin, ka danna ka tura wa mutum ashirin. Na danna na cike suna da lambar waya, bayan kwana biyu wani ya kirani da Hausa tsaf da sallama da komai yace na ci, in karanto masa lambar da za ta shigo yanzu, na karanto, kafin la'asar kuɗin adashen da na ɗauka dubu 18 sun fita, kuɗin kayan sallar yara ne wlh har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Duk wanda ya nemi BVN ko lambar sirrin katinki ko lambar nan da banki ke turowa ta saƙo ɓarawo ne ko da Ƙur'ani ya rantse, rangwame na gaske ba a tambayar waɗannan.

Maman Ilham

Innalillahi, Ummu Hanif Allah ya maida miki da mafi alheri, wlh irin saƙon nan yana wayata yanzu haka na goge. Nagode Abu Sadiq, nagode Dan Gujungu, maigida yace tabbas ya tuna takin nan har layi suka bi. Gwaggo Allah ya ƙara girma, na yi magana da kishiyar yayata da maƙociyata sun amince mu uku zamu fara in albashi ya shigo, sabulu da omo da mai tukuna. Abu ɗaya ya rage min, ranar rabo in wata bata kawo kuɗinta cikakke ba ya kuke yi, ana ajiye mata kasonta ne ko a bata bashi zuwa wani watan?