Wane suna za mu ba "aktibeshan enaji" da Hausa?

Malaman kimiyyar sinadarai da ke nan, ku matso kusa. Ɗalibanmu na sakandare suna haddace "aktibeshan enaji", su zuba ta a takardar jarrabawa su wuce, amma in ka ce su faɗa maka da Hausa sai a shiga kallon-kallo. Ina so mu tsayar mata da suna.

Ga abin da ake nufi tukuna. Fetur yana zaune a buɗaɗɗiyar jarka, iska tana ratsa shi, ƙwayoyinsa da na iskar oksijin suna ta karo ba adadi, amma wuta ba ta tashi. Yawancin karon banza ne, su bugi juna su rabu. Sai wanda ya zo da ƙarfin da zai tsinka ɗaurin da ke riƙe da ƙwayoyin, kuma ta fuskar da ta dace, shi ke juya su zuwa wani abu dabam. Wannan mafi ƙarancin abin da karo yake bukata shi muke nema wa suna. Svante Arrhenius, masanin kimiyya mutumin Suwidin, shi ya kawo batun a 1889.

Rabin "enaji" bai ba ni wahala ba. Makamashi, rediyo ya riga ya ba fetur da gas da lantarki, yaro na ji zai tuna gidan mai. Ƙarfi kuma 'yan fiziks na bukatarsa don turi da ja. Saura kuzari.

Rigimar tana ɗaya rabin. Na san da yawa za su ce "kuzarin kunnawa", su kafa hujja da ashana. Ni ban yarda ba. Kunnawa abu ne da wani yake yi daga waje, sau ɗaya, shi ke nan. To wa ya kunna ƙarfen da ke tsatsa a bayan gida? Babu. Ƙwayoyin abu ba kuzarinsu ɗaya ba, kamar yadda lissafin masana fiziks Maxwell da Boltzmann ya nuna: kaɗan suna tafiya a hankali, mafi yawa tsaka-tsaki, wasu 'yan tsiraru kuma da gudun tsiya. 'Yan tsirarun nan ne suke cin nasara a karo, ko ba wanda ya kyasta komai.

Shi ya sa na zaɓi "kuzarin tsallake". A ɗauka katanga ce tsakanin abin da aka fara da shi da abin da za a samu, mai isasshen kuzari ne kawai yake tsallakewa. Da wannan sunan ɗalibi zai gane abin da ya fi rikita su. In zafi ya tashi daga digiri 25 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyos, matsakaicin kuzarin ƙwayoyi bai ƙaru da abin da ya wuce kusan kashi 3 cikin 100 ba. Amma in tsayin katangar ya kai wajen kilojul 50 a kowane mol (kilojul ma'aunin kuzari ne, mol kuma ma'aunin yawan ƙwayoyi), saurin juyawar sinadaran zuwa wani abu dabam sai ya kusa ninkawa biyu, domin adadin masu iya tsallakewa ne ya ninka. Firiji kuma akasin haka yake yi wa miya.

Sunan yana ɗaukar katalis ma, wato sinadarin da ke hanzarta juyawar wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Ruwan haidirojin feroksaid, wanda ake wanke ciwo da shi, katangarsa ta kai wajen kilojul 75 a kowane mol, don haka yake daɗewa a kwalba. Da ya taɓa jini sai kumfa, saboda sinadarin katales da ke cikin jini ya buɗe wata hanya mai gajeriyar katanga. Bai ƙara wa ƙwayoyin kuzari ko kaɗan ba. Gwada bayyana wannan da "kunnawa" ka ga inda za ka maƙale.

Na yi tunanin "kuzarin haurawa", amma haura katanga a kunnen Bahaushe aikin ɓarawo ne, ajin zai ɓarke da dariya. Matsalar "tsallake" ɗaya ce: ana cewa an tsallake layi, wato an bar shi. Ina ganin kalmar kuzari da ke gabanta ta toshe wannan fahimtar.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da kuka yi darasin nan da Faransanci, in malamanku suna da wata kalma da suke faɗa a aji, ku kawo ta mu auna su tare kafin mu fara rubuta "kuzarin tsallake" a allo.