Na koyi tallan intanet, ta ina zan samu ƴan'uwa mata da masu ba da aiki?

Ƴar Fagge:

Assalamu alaikum. Na kammala koyon tallata kaya a Facebook da Instagram, ina kuma iya haɗa hotuna da Canva. A Kano nake. Damuwata biyu ce. Ta farko, ban san matan da ke wannan harka ba, balle in samu wadda za ta duba aikina ko ta turo min wani. Ta biyu, wata hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta yarda in riƙe mata shafinta na wata guda, ta ware naira 20,000 na talla, ni kuma ina tsoron kuɗin ya ƙare ba a sayar da ko turmi ɗaya ba. Don Allah masu sani, ta ina zan fara, kuma yaya zan yanka mata kuɗin aikina?

Anti Mai Kwamfuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in ɗauki ta farkon. Matan suna nan da yawa, sai dai hirarsu a rufaffun zauruka take, na WhatsApp da Telegram da Slack, kuma ta hanyar rajista ko halartar taro ake shiga.

Ki fara da She Code Africa, wadda Ada Nduka Oyom ta kafa a 2016. Shiga kyauta ne, kuma suna da tsarin haɗa mai koyo da wadda ta riga ta ƙware. Akwai Women Techsters na Tech4Dev, su horo suke bayarwa rukuni-rukuni, sai ki riƙa bibiyar lokacin da suke buɗe neman shiga. A kusa da ke kuma, ki bi shafukan GDG, wato ƙungiyoyin masu harkar fasahar Google, na Kano da Kaduna. Ta wajensu ake jin taron Women Techmakers, shirin Google na mata masu fasaha, da ake yi a kusa da ranar mata ta duniya, 8 ga Maris, da kuma DevFest, babban taronsu da ke zuwa a watannin ƙarshen shekara. Cibiyoyin fasaha irin su Startup Kano da CoLab ta Kaduna su ma suna shirya zama, haka ɗaliban 3MTT, shirin koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, suna da zaurukansu jiha-jiha.

Amma zuwa taro kaɗai ba ya kawo aiki. Kafin ranar ki duba jerin masu jawabi, ki zaɓi biyu ko uku, ki karanta abin da suke yi. Idan an tashi, ki je da tambaya guda takamaimiya, ki nemi izinin tura saƙo, ki kuma tura shi kafin kwana biyu su wuce, tun ba a manta fuskarki ba. Saƙon ya ƙunshi sunanki, inda kuka haɗu, da abu ɗaya da kike so: "Ga tallan da na haɗa wa mai atamfa, don Allah ki duba min rubutun." Wadda ta turo "slm" ta yi shiru, ko ta ce "Anti ki taimake ni" ba tare da faɗin da me ba, da wuya a amsa mata, domin ba a san ta inda za a kama ba.

Hanya mafi sauri ita ce ki nemi yin aikin sa-kai a taron, musamman riƙe musu shafi ko haɗa musu sanarwa. Masu shiryawa za su ga aikinki da idonsu. Kada kuma ki tsaya neman masu talla irinki kawai. Ki ƙulla da mata masu gina shafin intanet da masu ɗaukar hoto, domin su ne kwastoma ke tambaya, "To wa zai tallata min?"

Malam na Tudun Wada:

Malama, ni kan naira 20,000 ɗin zan tsaya, don a nan ake yawan ƙonewa.

Kada ki taɓa kuɗin a makon farko. Ki gyara shafin tukuna: lambar WhatsApp Business a haɗe da shi, unguwar da shagon yake, da aƙalla kaya goma sha biyu da farashinsu a rubuce. Duk wanda ya ga talla sai ya leƙa shafi kafin ya yi magana, idan ya tarar da hotuna uku na bara sai ya ɗauka ƴan damfara ne.

Bidiyo ya fi hoto sayar da yadi. Ki ɗauka a tsaye, daƙiƙa 15 zuwa 20, da hasken safe a bakin ƙofa, ba ƙarƙashin ƙwan shago ba, domin ƙwai yana canza launi, kuma canjin launi yana sa a dawo da atamfa. A warware turmin, hannu ya shafa shi, a matso da kyamara har a ga saƙar da hatimin kamfanin da ke gefe. Farashi ya fito a daƙiƙa ukun farko. Al'adar nan ta "ki yi magana ta ciki a faɗa miki kuɗi" tana cinye kuɗin talla, saboda kina biyan kuɗi a kan saƙonnin mutanen da farashi kawai suke so su ji su wuce.

Wajen kunnawa, ki yi amfani da Ads Manager, wato wurin tsara talla na Facebook da Instagram, maimakon maɓallin Boost da ke ƙarƙashin abin da aka wallafa, ki zaɓi manufar da ke kai mutum WhatsApp kai tsaye. Idan kika zaɓi neman masu danna alamar so, za ki same su, amma ba masu saye ba ne. Idan kuma dole sai Boost, kada ki biya ta manhajar iPhone, domin Apple na ɗora kashi 30 a kai. Ki buɗe ta burauza. Ki tuna akwai harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, a Najeriya, don haka 20,000 ɗin ba dukansu ne za su shiga talla ba.

Wuri: ki tsaya inda hajiya za ta iya kai kaya cikin kwana ɗaya ko biyu ta tashar mota, misali Kano, Kaduna, Abuja, Katsina. Mata, shekara 22 zuwa 50. Kada ki cika sharuɗɗa da yawa, ƙaramin kuɗi ba ya son a ƙuntata shi. Bidiyo biyu a rukunin talla ɗaya sun isa. Ki sa naira 3,000 a rana na kwana biyar, ki kuma ƙyale shi kwana uku ba gyara, saboda duk babban gyara yana mayar da na'urar Meta farkon koyon waɗanda za ta nuna wa tallan.

Ga yadda ake lissafi, da alƙaluman misali kawai. Kin kashe 15,000, da haraji 16,125. An turo saƙo 60, kenan kowane saƙo ya tsaya kusan naira 270. Mutum shida sun saya, kowane ciniki ya ci kusan 2,700. Idan ribar turmi 5,000 ce, tallan ya biya kansa, a ƙara kuɗi a hankali. Idan ribar 2,000 ce, asara ake yi ko da waya na ta ƙara, sai a koma tallata leshi mai riba mai kauri ko a haɗa turmi biyu a farashi ɗaya. Saboda haka ki tambayi hajiya ribarta tun kafin ki fara. Idan ta ƙi faɗa, ba ki da ma'aunin da za ki kare kanki da shi a ƙarshen wata.

Maman Ƴan Biyu:

Bayanin Malam ya yi, sai dai akwai inda ciniki ke mutuwa bayan talla ya yi aikinsa, wato cikin WhatsApp. Mutum ya turo saƙo da azahar, a amsa masa bayan isha'i, ya riga ya saya a wani wuri. Ku yi yarjejeniya wa zai riƙa amsawa, a kuma kunna tallan a ranakun da mai amsawar take da sarari. Ki shirya mata kundin kaya na WhatsApp Business, da amsoshin gaggawa guda uku: farashi, kuɗin aikawa zuwa kowane gari, da lambar asusu. Asusun ya kasance da sunan kasuwancin ko sunan da ke kan shafi, domin bambancin suna yana sa mai saye ya janye a matakin ƙarshe. Ki yi amfani da alamomin rarrabe hira: sabon mai tambaya, ya biya, an aika. Duk wanda ya yi magana a roƙe shi ya ajiye lambar, saboda saƙon bai-ɗaya, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256 ne a jeri guda, kuma ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarku ba. Waɗanda ba su saya yau ba, sitatus ne zai dawo da su lokacin sallah ko biki.

Kan kuɗin aiki, ban goyi bayan yin kyauta ba, ko da aikin farko ne. Ki rage, amma ki karɓa. Ki raba kuɗin talla da kuɗin aikinki a rubuce, ko a saƙon WhatsApp ne: bidiyo nawa a mako, wa zai amsa saƙo, rabin kuɗi kafin a fara. Kada ki yarda da biyan kaso a kan ciniki kaɗai, tunda ba ke ke ganin kuɗin da ke shiga asusunta ba. Kada ki yi alƙawarin adadin turmin da za a sayar.

Sai tsaro, ƙanwata, wannan ki riƙe shi da kyau. Kada ki karɓi kalmar sirrinta. Ta ba ki izinin shiga shafin ta Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan kasuwanci, ita kuma ta ci gaba da zama mai shi. Ku duka ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tsaro da ake nema kafin a shiga. Yanzu da za ki shiga zauruka da yawa, za a iya kiran ki a ce akwai taron ƙungiya ta intanet, ki karanto lambobi shida da aka turo miki. Lambobin ƙwace WhatsApp ɗinki ne, ki kashe wayar kawai. Duk wanda ya ce zai ba ki aiki, ku haɗu a shagonsa ko ofis da rana, ki kuma tafi da wata.

Ƴar Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wata ƙawar hajiya mai kayan mata da maganin rage ƙiba ita ma tana so in yi mata talla. In haɗa su a asusun talla ɗaya?

Malam na Tudun Wada:

A'a Malama, kada ki haɗa. Dokokin Meta suna da tsauri a kan kayan ƙara sha'awa da alƙawarin rage ƙiba, kuma idan aka yi ta ƙin tallan, asusun gaba ɗaya ake iya taƙaitawa, na atamfar ma ya tsaya. Kowace kwastoma da nata asusun talla. Abin sha ko na shafawa da ba shi da lambar NAFDAC kuwa, ki ba ta haƙuri tun yanzu.