Yaya ake cire kunshin da aka haɗa da npm link bayan an gama aiki?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum. Ina gina wa wani shago a nan Kaduna manhajar lissafin ciniki, kuma na ware ɓangaren da ke tsara rubutun kuɗin naira a matsayin kunshi mai zaman kansa. Domin in riƙa gwada su tare, na buga `npm link` (umarnin npm, wato manhajar girka kunshin JavaScript) a cikin foldar kunshin, sannan na buga `npm link` da sunan kunshin a cikin babbar manhajar. Yanzu na wallafa kunshin, amma manhajar ba ta daina karanta foldar da ke kwamfutata ba. Da na buga `npm unlink` da sunansa, sai ya ɓace gaba ɗaya daga package.json, fayil ɗin da ke lissafa kunshin da manhajar ke dogaro da su. Mece ce hanyar da ta dace?

Malamin Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne mahaɗi biyu ka ƙulla, don haka biyu za ka kwance. Umarnin farko ya ajiye mahaɗi a foldar node_modules (inda npm ke ajiye kunshi) ta kwamfutar gaba ɗaya, wanda ke nuni zuwa inda kake rubuta kunshin, na biyun kuma ya ajiye wani a node_modules ta manhajarka. Babu fayil ko ɗaya da aka kwafa, nuni ne kawai.

Shi kuwa `npm unlink` wani suna ne na `npm uninstall`, kuma tun daga npm 5 da ya fito a 2017, cire kunshi yana goge sunansa daga package.json ba tare da an nema ba. Abin da ya same ka ke nan. Hanyar da ta dace ita ce ka shiga foldar manhajar ka buga `npm unlink --no-save` da sunan kunshin, sannan `npm install`, domin a sauko da wanda ka wallafa. Tunda kai naka ya riga ya goge, sai ka dawo da package.json daga Git, wato ma'ajiyar tarihin fayilolin aikinka, ko ka sake girka kunshin da sunansa. Bayan haka ka buga `npm rm --global` da sunan kunshin domin cire ɗaya mahaɗin. Ka lura cewa sunan da ke rubuce a package.json na kunshin ake nufi, ko da ya sha bamban da sunan foldar.

Hajiya ta Barnawa:
Bayanin Malam ya wadatar, sai dai in ƙara da yadda ake tabbatarwa. Ka buga `npm ls -g --depth=0`, za ka ga duk kunshin da aka haɗa yana ɗauke da ƴar kibiya da ke nuna foldarsa ta asali. Idan kana amfani da nvm, wato manhajar da ke ba ka damar girka nau'o'in Node (injin da ke tafiyar da JavaScript) daban-daban, kowane Node da ka girka yana da foldarsa daban, saboda haka mahaɗin da ka ƙulla a ƙarƙashin Node 18 ba zai bayyana ba idan ka koma Node 20. Yana can zaune sai ka koma ka cire shi.

Ina kuma jan kunnen masu saurin gogewa da hannu. Idan mutum ya buga `rm -rf` ya sa alamar / a ƙarshen sunan mahaɗin, umarnin yana iya bin mahaɗin ya share ainihin fayilolin da ya yi wahalar rubutawa. Gara a bar wa npm aikinsa.

Ɗan Kawo:
Na gode, Malam da Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Na bi matakan, kibiyar ta ɓace, manhajar kuma tana karanta wanda na wallafa.

Injiniyan Unguwar Rimi:
Ɗan'uwa, a ganina gwajin ƙarshe kafin wallafawa bai kamata ya dogara da mahaɗi ba, domin mahaɗi yana nuna wa manhaja duk abin da ke cikin foldar, har da fayilolin da ba za su shiga abin da aka wallafa ba, sai abu ya yi aiki a kwamfutarka ya ƙi yi a ta mai shago. Ka buga `npm pack`, zai ba ka fayil mai ƙarewa da .tgz, ka girka shi a manhajar, a nan za ka ga ainihin abin da mutane za su samu.