Ina neman shasin tsohuwar motar sport, wa ya san inda ake samu?

Dan_Adar:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗan Tawa ne amma a Yamai nike aikin walda shekara tara kenan, ƙofofi da tagogi da gadaje. Akwai wani buri da ya daɗe yana cin raina, ina so in haɗa mota da hannuna, ƙarama mai kujera biyu babu rufi irin ta turawan da. Jikin bai dame ni ba, tol dai na san shi, in na samu lokaci zan buga shi a hankali ko shekara biyu za ta ɗauka. Inda na tsaya shi ne shasi. Na ga Triumph Spitfire a bidiyo, wai jikinta da bulon aka ɗaure, kana kwancewa ka ɗage shi ya bar maka ƙashin ƙasa da tayoyi. To wani mutum a Beljik ya turo min hoto ta WhatsApp yana da shasinta, Yuro 900, ba moter ba takardu, ya ce in tura rabi ya ajiye min. Dan Allah masu sani, in tura ko akwai inda zan samu irinshi nan kusa, Najeriya ko Kotonu?

Elh_Transit:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka tura ko dala. Mutumin da ba ka taɓa gani ba, kayan da ba takarda, in ya kashe waya wa za ka kama? Kuma ko mutumin kirki ne lissafin ba ya fita. A 2023 aka rufe iyakarmu da Benin, kayan da ke sauka Kotonu da, yawanci suka koma sai Lome, su ratso Burkina da rakiyar sojoji, kamyo ya yi sati da sati yana jiran ayari. Kuɗin jirgi da na hanya da na duwan za su ninka kuɗin ƙarfen. Sannan babbar magana, kart giriz, wato takardar rajistar mota, lambar shasi take bi. Shasi ba takarda in ya iso, a idon hukuma ƙarfe ne kawai ka sayo, ranar da ka gama motarka ka je neman lamba za ka gane kurenka.

Baba_Garaji:
Yaro ka ji maganar Alhaji. Ni bari in yi maka ta ɓangaren ƙarfe, shekara arba'in ina ƙarƙashin mota.

Gaskiya ne Spitfire tana da shasi dabam, an yi ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, amma ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba a ƙasar nan, in wani abu ya karye a ƙafarta ina za ka samo? Kuma kar wani ya ruɗe ka da MGB ko Peugeot 504 kupe, waɗannan jiki da shasi abu guda ne a haɗe, in ka yanke rufin ka cire jikin ba abin da ya rage maka, sai ta lanƙwashe kamar tabarma.

Abin da kake nema yana nan kusa da kai, Volkswagen Coccinelle, wadda ƴan Najeriya ke ce ma Beetle. Ƙasanta faranti ne guda da ƙashin baya a tsakiya kamar bututu, moter da bwat (akwatin giya) da ƙafafu duk a jikinshi suke, jikin kuwa bulon ne ka kwance mutum huɗu su ɗaga. Turawa da kansu a kanshi suke ɗora kwaikwayon Porsche 356, tsohuwar motar sport ta Jamus. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Coccinelle mita 2 da santi 40 ne, a 356 mita 2 da santi 10, shi ya sa suke yanke santi 30 a bayan kujeru su sake haɗewa. Kuma an haɗa ta a Legas tun 1975, sun cika Najeriya a lokacin, har yau in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka yi cigiya ba za ka rasa mai gawarta ko kayanta ba. Kai da kake ɗan Tawa ma ka fara tambaya Ƙonni da Maraɗi kafin ka ƙetare.

In ka samu ga abin da za ka duba. Ɗaga kujerar baya, lambar shasi na nan a buge bisa ƙashin tsakiyar, ka goge da burushin ƙarfe ka gwada da ta takarda harafi da harafi. Nan gefe kuma wurin batir ne, ruwan batir ke cinye farantin, kusan kowace za ka tarar da rami, wannan kar ya tsorata ka aikinka ne, tol ne ka yanka ka liƙa. Wanda ke kashe ciniki shi ne kan shasin can gaba inda ƙafafu suke ɗaure, in nan ya yi tsatsa ko ya taɓa cin karo ka bar musu abinsu. Ka tafi da metir ɗinka ka auna a gicciye, daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake ɗaya ɓangaren, in sun bambanta sosai ta karkace kenan, mota za ta riƙa tafiya kamar kare mai ciwon ƙugu. Kuma ka guji samfurin 1302 da 1303, su amortiser ɗinsu na gaba a jikin motar yake kamawa, in ka cire jiki ba inda za ka ɗaura shi.

Issou227:
Baba da girmanka amma Coccinelle sport ce? 😂 moter 1600 ɗin ma doki 50 ne, ɗan kabu-kabu zai wuce shi a hanyar Doso. Kuma ba radiyater, iska ke sanyaya shi, a zafin watan Afrilu na Tawa fa? Ni a ganina tunda mai walda ne ya yi nashi shasin kawai irin na Lotus Seven, tun 1957 da tiyo aka yi ta, mutane da yawa a Turai a garejin gidansu suke haɗa irinta da tiyo mai kusurwa huɗu na mili 25, ya je Katako ya sayo ya ɗora moter Toyota shikenan

Baba_Garaji:
Issou ɗana, tiyon da kake gani ana yin ƙofa da shi ba shi ne na mota ba, sirara ne, ka matsa da pensa ya lotsa. Ƙofa ba ta gudun kilomita ɗari da mutum a ciki. In zai bi wannan hanya sai ya samu mai kauri na gaske, da tebur shimfiɗaɗɗe da zai ɗaure komai kafin wuta ta ja ƙarfen, kuma ya dawo ga maganar Alhaji, wace lamba zai buga a kai? Zancen zafi kuwa motocin nan sun yi shekaru suna zuwa Agadas suna dawowa. Abin da ke kashe su makanikai ne masu cire gwangwanayen da ke kewaye da moter su yar wai ba su da amfani, alhali su ke bi da iskar fanka kan silinda. Ka bar su yadda suke, ka kula da kurwa (bel ɗin fanka) da mai. Doki 50 kuma in ka sauke mata wannan jikin mai nauyi ka sa marar nauyi za ka sha mamaki. Ni na tsaya bakin hanya lokacin da ƴan tseren Paris-Dakar ke ratsa ƙasar nan, Porsche da ta ci a 1984 ita ma moter ɗinta a baya yake kuma iska ke sanyaya shi, jikar Coccinelle ce in ka bi dangi.

Hadiza_Ny:
Ni dai tambayata a wace hanya za a tuƙa ta, mota mai jan ciki a ƙasa da waɗannan tudun rage gudun na Yamai, ga damina in ta zo unguwarmu ko kat-kat sai da addu'a 😅 Allah ya ba da sa'a dai malam, in an gama a ɗauke mu zagaye ɗaya

Dan_Adar:
Na gode ƙwarai, Alhaji ban tura ba, da na ce ya nuna min lambar shasin a bidiyo ma bai sake amsawa ba. Baba na bi maganarka, ranar Asabar na je Ƙonni wani abokin kawuna ya kai ni wani gida, tana nan bayan ɗaki ƙarƙashin bedi tayoyin sun nutse cikin ƙasa, kaji har sun yi ƙwai a kujerar baya sai da muka kwashe kafin in ɗaga. Lambar ta fito tsaf, lambobi tara ne ta fara da 118. Wurin batir rami ne hannuna na shiga, amma gaban lafiya lau na buga da guduma ƙarar ƙarfe yake, awon gicciye kuma bambancin bai kai rabin santi ba. Moter ya kafe ba ya juyawa. Sun ce jika ɗari uku, matsalar kart giriz ɗin da sunan mahaifinsu ne kuma ya rasu, magada bakwai, biyu suna Libiya. Hajiya Hadiza kar ki damu ba zan sauke ta ƙasa sosai ba.

Elh_Transit:
Kar ka ba da kuɗi sai babban wansu ya kawo takardar gado da ta sayarwa an buga hatimi, na Libiya su aiko da wakilci. Kuma kafin ka sa mashin ka yanke santi 30 ɗin nan ka je wurin masu bizit teknik ka tambaye su da bakinka ko za su karɓe ta a haka.

Baba_Garaji:
118 mai lamba tara ta Jamus ce, samfurin 1968. Ka cire buji huɗun ka zuba gazuwal kaɗan a kowane rami ka bar shi sati guda, sannan ka gwada juya shi da hannu a hankali, kar ka sa ƙarfi. In ka kawo ta Yamai ka kira ni in zo in gani kafin ka taɓa komi.