Neman kalma: me za mu kira "constructive criticism" da Hausa?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Asabar muna da bita ta matasan marubuta, an ba ni takardar Turanci shafi shida in mayar Hausa, kuma mai buga takardu ya ce in kai gobe kafin a tafi Juma'a. Na maƙale a "constructive criticism". Na sa "suka mai ma'ana", na goge, kuma da dalili. Watan jiya ƙawata ta ba ni littafinta in duba kafin ta kai maɗaba'a. Dare uku ina kansa da jan biro. Kishiyar da ta mutu a babi na uku, sai ga ta a babi na tara tana tuƙa tuwo. Na ja layi na rubuta a gefe, "ko fatalwa ce?" Da zan mayar mata na ce ga 'yar sukata nan. Tun ranar in na gaishe ta a WhatsApp sai dai in ga alamar ta karanta. Ba na son kalmar suka ta shiga takardar yaran nan.

Na Ƙofar Rini: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ai ba suka taɓ ɓata ba, fatalwag ga ta. Amma sa "gyara kayanka", kowa ya san sauran zancen, ba ya zama sauke mu raba.

Malamin Adabi: Akwai kalma a hannu, tarke. Tarken adabi muke cewa a aji. Sai dai tarke ya haɗa yabo da kushe duka, don haka ki ce "tarke mai gyara".

'Yar Mabera: Allah shi gafarta Malam, yawancinsu 'yan sakandare ne. In na sa tarke sai na sake fassara fassarar.

Dattijon Arkilla: Ku dakata. Tun bara na ƙera wa wanga abu suna: zumsuka. Zumunci da suka, an haɗe. Gajera ce, tana karɓar aiki: na zumsoki littafinki, ta zumsoke ni.

Na Ƙofar Rini: Baba, wallahi awa sunan maganin basir.

Hajiya Runjin Sambo: Ɗiyata, nasiha ce sunanta, kada ki wahal da kanki. Addini ma nasiha ne. Malamanmu na da in sun kai ƙarshen waƙa sukan roƙi duk wanda ya ga kuskure ya gyara, su da kansu suke buɗe ƙofa. Kuma nasiha tana da ladabi, a keɓe ake yin ta, a fara da abin da ya yi kyau. Kin gaya mata babin da ya burge ki kuwa?

'Yar Mabera: Hajiya, ban gaya mata ba. Kuma akwai, babin zaman makoki sai da na yi hawaye.

Dattijon Arkilla: Nasiha Larabci ce. Sharhi Larabci, nazari Larabci. Yaushe za mu bar bara ƙofar maƙwabta? Zumsuka Hausa ce tun daga kai har ƙafa.

Malamin Adabi: To Baba sai mu mayar musu da littafi da alƙalami da karatu, mu zauna hannu sake. Matsalar nasiha daban ce: tana saukowa daga sama ne, babba ga ƙarami. Ƙawa da ƙawa kuwa kafaɗa ɗaya suke.

Baƙo daga Kano: Mu dai a Kano sharhi muke cewa, kowa ya gane. Kuma takarda ai da daidaitacciyar Hausa ake rubuta ta, ba da "munka" da "sunka" ba.

Na Ƙofar Rini: Ga shi nan an hwara. Malam, Nana Asma'u ta rasu 1864, ta bar waƙoƙin Hausa da ajami garin ga na Sakkwato. Gaskiya Ta Fi Kwabo sai 1939 anka soma buga ta, ita ma Zariya, ba Kano ba. Mi za ka koya muna?

Baƙo daga Kano: Ni ban zagi kowa ba, gyara na yi.

Hajiya Runjin Sambo: To kun gani. Gyara ya yi, ga shi har an tashi faɗa. Da zafin nan ƙawar yarinyar ga ta kwana.

Dattijon Arkilla: Da ya zumsoke shi da ba a kai nan ba.

'Yar Mabera: Dare ya yi. A kanun darasin zan sa "Gyara Kayanka", a cikin bayani in riƙa cewa "sharhin gyara". Tarke zai shiga sau ɗaya saboda Malam. Gobe in na sauke takardar zan biya gidan ƙawata da babin makokin a hannu. Fatalwar dai tana nan babi na tara, ba zan ce ban gan ta ba.

Malamin Adabi: Sharhin gyara bai cika kunne ba, amma zai kai ki Asabar.

Dattijon Arkilla: Ko a ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe, ki sa zumsuka.