Shin cike teku da yashi ne yake jawo mana ambaliya a Legas?

Mai Tumatir Mile 12:
Assalamu alaikum. Shekarata 20 a Legas, kuma a kan idona bakin tekun Bar Beach, inda muke zuwa shan iska ranar Sallah, ya koma tudu mai ɗauke da benaye. A daminar bara ruwa ya shiga ɗakina har gwiwa, ya jiƙa katifa da rabin buhun shinkafa. Wasu a kasuwa suna cewa ruwan da injuna suka kora daga teku ne yake neman mafita a unguwanninmu. Masu ilimin abin, mene ne gaskiyar wannan magana?

Injiniya daga Yaba:
Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ruwan da ya shiga ɗakinka ba na teku ba ne, domin yankin Mile 12 yana kusa da kogin Ogun, kuma idan damina ta yi ƙarfi aka saki ruwa daga madatsar da ke can sama, kogin yakan tumbatsa ya malalo cikin unguwannin da aka gina a fadama. Zaizayar Bar Beach kuwa ta girme mu duka. Tun farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka jera duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe hanya, sai duwatsun suka tare yashin da igiyar ruwa take kawowa daga yamma zuwa gabas, teku ta dinga cin gaɓar da ke gabashinsu har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Katangar Eko Atlantic, sabon birnin da ake ginawa a kan tekun da aka cike da yashi a Bar Beach, an yi ta ne don tsayar da wannan ɓarna, wato gyaran abin da fasahar jiya ta haifar, kuma har yanzu masana suna muhawara kan yadda take shafar ƙauyukan masunta da ke gabashinta.

Malama daga Idi-Araba:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, amma ya tsallake namu laifin. Duk wanda ya leƙa kwata bayan ruwan sama zai ga ledar fiya wata da robobin lemo sun cunkushe ta, ruwa ya rasa hanyar bi. Gwamnatin jihar ta haramta farar robar zuba abinci a watan Janairun 2024, sai dai har yau ina tsintar ta a ƙofar makarantarmu kowace safiya.

Mai Tumatir Mile 12:
Na gode, Injiniya, na gode, Malama. To tun da ana sanin lokacin da za a saki ruwan madatsar, me zai hana a turo mana gargaɗi ta wayar salula da Hausa da Yarabanci, ko mun samu mu ɗaga kayanmu sama kafin ya iso?